Babin Tamfol

Shagona da nasa bango ɗaya ya raba su, bangon ma bai kai rufi ba. Idan ya yi tari ina ji, idan allurata ta karye yana ji. Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba. Shi kuwa gyaran kwamfuta yake yi da safe, da yamma ya koya wa duk wanda ya zo yadda ake rubuta manhaja, wato yadda mutum zai yi wa inji magana da yarensa har ya yi abin da aka sa shi. Ɗalibansa suka sa masa suna Malam Sake-Gwada, domin ko da kuka ka zo masa cewa abu ya ƙi, amsarsa ɗaya ce: "Sake gwadawa." Ni Malam kawai nake ce masa, shi kuma ya ce mini Tela. Bana Allah ya karɓi abinsa. Ɗaliban suka ce in rubuta abin da na sani game da shi, tunda na fi su daɗewa tare da shi. Na ce musu hannuna ya fi sanin almakashi. Suka ce in rubuta a hakan.

Dogo ne, siriri, da ɗan ranƙwafawa irin ta wanda ya daɗe yana leƙa cikin inji. Ƙafar tabaransa ɗaya ta karye tun da daɗewa, ni na ɗaure masa da baƙin zare, ya ƙi sayen wani. Aljihun rigarsa ba ya wata guda lafiya, saboda ƙananan noti da sukundireba da yake cusawa ciki. In na yi ƙorafi sai ya ce, "To in ban yaga ba, kai da me za ka ci?" Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne. Shi Malam ya yi makarantar koyon sana'a, ya samu aikin buga takardu a wani ofis, a can ya fara taɓa kwamfuta. Da ofishin ya rufe sai ya kwaso tsofaffin injinan da aka zubar, ya haɗa wannan da wancan, ya jera guda huɗu a kan benci. Makarantarsa ke nan. Fanka ɗaya, gwangwanayen madara cike da noti, da ƙamshin dalma in ta narke.

Akwai kuma littafin.

Wani malamin jami'a ne ya rubuta shi, ya riga mu gidan gaskiya da jimawa. Sau ɗaya tak aka buga shi, kamfanin da ya buga ma ya mutu. Masu wannan sana'a suna maganarsa kamar yadda ake maganar kaka mai hikima, amma in ka ce a nuna maka shi sai a hau kame-kame. Wani gara ta cinye nasa, wani an ara ba a dawo da shi ba. Malam ya sayi nasa tun yana saurayi. Yakan ce, "Tela, mutumin nan ya yi rubutu kamar yana zaune a gefenka yana jiran ka gane. Ba ya gaggawa, ba ya kuma raina ka."

Matsalar ita ce littafi ɗaya ne, masu koyo da yawa. Ya kai aka yi masa hoto a injin kwafi, amma takardar ta tsufa, ta yi ja, rubutun baya yana leƙowa gaba. Ƙananan ɗige-ɗige suka ɓace, a aikinsu kuwa ɗigo ɗaya in ya ɓace komai ya tsaya. Yara suka yi ta buga abin da ba ya tafiya, suna zaton su ne daƙiƙai. Wata rana sai ga kansa ta saman bango.

"Tela, ara mini rezarka."

"Aski za ka yi?"

"Yanka zan yi."

Na zagaya na same shi ya kwantar da littafin a kan benci kamar mara lafiya. Ya bi ta gadon bayansa da reza, a hankali, ya raba shi babi-babi har goma sha biyu. Ya tattaro ya kawo mini ya ce in ɗinke kowanne, in yi masa bango da ba zai yage ba. Kwali ba ni da shi, ƙyallaye gare ni. Na farko na yi masa da shuɗin yadin kayan makaranta. Na biyu ragowar labule mai furanni. Akwai mai jins, akwai mai kaki, akwai wani jan karan-miski da ya ragu daga kujerar wata mata. Da muka zo kan na tara sai ya dafa hannuna.

"Wannan ka nemo masa abu mai taurin kai. Shi ne babin da ke sa mutane kuka. Zai daɗe a hannu."

Babin yana bayanin yadda inji ke ajiye abu a ƙwaƙwalwarsa, da yadda yake komawa ya nemo shi. Iya abin da na fahimta ke nan. Na samo guntun koren tamfol irin na rufe mota, na ɗinka. Allura biyu ya karya mini, Malam yana ta dariya ta bayan bango.

Sai ya kafa doka, kuma dokar nan ita ce ta zama mana ciwo daga baya. Duk wanda ya karɓi babi, ba zai sake shi ba sai aikin da ke shafin ƙarshe ya tafi a injinsa. In ya tafi kuma, kada ya dawo wa Malam da shi, ya miƙa wa na bayansa, ya faɗa masa dokar. "In kun dawo mini da shi, durowa zai kwana," in ji shi. "Ni yana kaina." Da farko a unguwa suke zagayawa, muna ganinsu suna wucewa a hammatar yara. Sannan ɗalibai suka girma, suka sami aiki, suka yi aure, suka ƙaura. Babobin suka bi su. Malam bai damu ba. Yana koyarwa da ka, yana rubutawa a allo, har lambar shafi yakan faɗa.

Ciwon suga ne ya fara cin idonsa. Da farko sai ya kusanto da fuska har hancinsa ya kusa taɓa gilashin kwamfuta. Daga baya yara ke karanta masa abin da suka rubuta, shi ya gyara da kunne. Sannan ƙoda ta biyo baya, aka sa shi zuwa wankin ƙoda a asibiti. Ranar da ya dawo daga wankin ba ya iya ko ɗaga kofin shayi. Wata yamma na ji shiru ya yi yawa a shagonsa, na leƙa. Ɗalibai uku na zaune, shi yana tsaye gaban allo da alli a hannu, ya tsaya a tsakiyar layi. Ya daɗe a haka. Sai ya ce su tafi, gobe a ci gaba.

Da suka fita ya lallaɓo ya zauna a kujerar masu jiran ɗinki.

"Tela, ya fara zubewa."

"Me?"

Ya nuna kansa da allin. "Na zo wani wuri na tarar babu kowa."

Cikin tsofaffin ɗalibansa akwai wanda muke kira Mai Gemu, yana aiki a kamfanin waya, shi ya fi kowa zuwa gaishe shi. Shi ya shiga nema a intanet har ya gano 'yar marubucin. Ta amsa da mutunci. Ta ce ita kanta ba ta da littafin, ruwa ya taɓa shiga gidansu ya lalata kayan mahaifinta. Ta yarda a sake buga shi, a kuma sa shi inda kowa zai karanta kyauta, amma da sharaɗi. Tun mahaifinta na da rai wasu suka riƙa yaɗa rabin littafin cike da kurakurai da sunansa, abin ya ci masa rai, har ya sa ta yi alkawarin ba za a sake fitar da aikinsa guntu-guntu ba. In cikakke ne, daga shafin farko zuwa na ƙarshe, ta sa hannu. In da saura ko babi ɗaya, a yi haƙuri.

Mai Gemu ya bi duk inda ake zaton akwai wani kwafin. Babu. Abin da ake samu rabin nan ne mai kurakurai. Cikakken da aka tabbatar ya taɓa wanzuwa kusa da mu shi ne wanda Malam ya yanka da rezata.

Suna da zaure a waya, inda tsofaffin ɗalibai da sauran masu sana'ar ke hira. Mai Gemu ya rubuta doguwar sanarwa, ya ce duk mai babi na kaza ko na kaza ya taimaka ya kawo. Kafin ya aika Malam ya sa aka karanta masa, ya ce a goge layin da ya ambaci rashin lafiyarsa.

"Ba za a yi bara da ciwona ba. Littafin ya isa ya roƙi kansa."

Muka yi ta fama da shi, ya kafe. Aka goge.

Amsoshi suka yi ta zubowa. Allah ya saka, Allah ya ba da sa'a, wannan aiki ya yi kyau. Hotunan hannu na addu'a kamar ruwan sama. Babi ko ɗaya bai zo ba. Malam kullum yana zaune a bakin shagona, in ya ji babur ya tsaya sai ya ɗaga kai.

Ni na gaji na tambayi Mai Gemu, "Wai me ka rubuta musu?"

Ya karanta mini.

Na ce, "Kai da ka yi karatun, wane ne babi na biyar?"

Ya sosa gemu. "Ba mai jins ba ne?"

"Mai kaki ne. Ka gani? Ku da bango kuka san su."

Ya kafa mini waya a baki ya ce in yi magana. Ban taɓa yi wa mutanen da ba na gani jawabi ba. Na ce, ni ne telan da ke kusa da shagon Malam Sake-Gwada. Duk wanda ke da wasu takardu da aka ɗinke da keken ɗinki, aka yi musu bango da ƙyalle, shuɗi ko mai furanni ko jan karan-miski ko koren tamfol, don Allah ya duba ƙarƙashin gado da saman kwaba. Ana so a haɗa su a sake buga littafin. Na ce kuma a tura wa na gaba, domin abin hannu da hannu ya tafi.

Wannan muryar tawa mai kama da ta tsohon keke ita ta yi yawo. Sai ga babobin sun fara dawowa. Mai labule direba ya kawo daga tasha a cikin leda, an rubuta "Tela" kawai a jiki. Mai jins an same shi ana tokare ƙafar teburi da shi. Wani babban ma'aikaci ya rantse bai taɓa riƙe karan-miski ba, washegari matarsa ta kawo da kanta, ta ce a cikin akwatin takalmansa yake. Wani babin ya zo da zanen mota da jan biro a shafin farko, aikin ɗan wani. Gefen kowane shafi ya yi baƙi da rubutun hannu iri-iri, wannan ya yi tambaya, wancan ya ba shi amsa bayan shekaru, ba su taɓa haɗuwa ba.

Kowanne ya zo, a hannun Malam nake sa shi. Ba ya gani sosai, sai ya shafa. "Kaki," ya ce. "Kai, ka sha wuya." Ya kai hanci ya shinshina. A kwanakin ne na ga ya yi dariya har haƙoransa na ciki.

Amma ba kowa ya ɗauki abin da daraja ba. An gayyace shi wata kwaleji ya yi wa ɗalibai bayani, ko za a sami masu taimakawa wajen sake buga rubutun. Ranar ta faɗo daidai da ranar wankin ƙodarsa, ya ɓoye wa matarsa, ya ce in raka shi. Ban san ya tsallake asibiti ba sai a hanya. Ɗakin taron ya cika rabi, yawancinsu kansu na kan waya. Ya yi magana da duk ƙarfinsa. Da ya gama wani saurayi ya ɗaga hannu, ba da rashin kunya ba, ya ce, "Baba, yaren nan ai ba a aiki da shi yanzu. Kuma yau inji da kansa yake rubuta maka manhaja in ka tambaye shi. Me za mu yi da wannan?"

Malam ya buɗe baki. Na san yana da amsa, na sha jin ta ta saman bango. Amma ta ƙi zuwa. Ya tsaya yana juya hularsa a hannu, sai ya ce, "Ka karanta ka gani, ɗana." Aka tafa masa tafin sallama. Mutum biyu suka ba da lambarsu.

A mota ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi fita. Matarsa na tsaye a ƙofar gida, ta riga ta ji daga asibiti. Mace ce mai haƙuri, ban taɓa jin muryarta ta wuce tsakar gida ba sai ranar.

"Malam, littafin ne zai wanke maka jinin? Faɗa mini in sani!"

"Maman yara, ki bari in zauna tukuna."

"Kai kuma Tela, da girmanka. In ya ce ku faɗa rijiya sai ka riƙe masa takalmi?"

Tana da gaskiya. Da muka kwantar da shi ta biyo ni waje, muryarta ta sauka. "Ka nemo masa abin nan ya huta. Ba ya barci. Sai in ji yana ƙirga su da yatsa, ya zo kan ɗaya ya tsaya."

Wanda yake tsayawa a kai shi ne tamfol. Sha ɗaya sun dawo, shi shiru.

Mai Gemu ya bi sawunsa. Shi kansa ya taɓa riƙe shi, ya ba wani abokin aikinsa. Abokin ya ba ƙanin matarsa. Ƙanin ya ba wani malamin sakandare. Na hau mota na je har makarantar, na sami malamin a ɗakin malamai yana duba jarrabawa. Ya tuna da babin sarai, har ya kama kai ya ce ya kusa haukata shi. Ya ce ya ba wani mutum da suka zauna kujera ɗaya a doguwar tafiya, suka yi hira, ya ga yana da sha'awa. Sunansa? Bai tambaya ba. Garinsu? A hanya ya sauka.

"Ai haka aka ce mu yi," in ji shi. "A miƙa gaba."

Na dawo na rasa yadda zan faɗa. Ban ma faɗa ba, Malam ya ji a tafiyata.

Ba a daɗe ba aka kwantar da shi a asibiti. Ɗaki ne mai gado shida, nasa na jikin taga, ana jin ƙarar janareta. Ya ce a kawo masa babobin, matarsa ta jera masa su a gefen filo. A barandar ɗakin Mai Gemu ya ja ni gefe, idonsa ja.

"Baba Tela, ba ka da sauran tamfol? Ka ɗinka wani, mu cusa kowace irin takarda. Ba ya gani. Ya tafi da farin ciki mana."

Na fahimce shi, don ni ma abin ya zo mini a rai. Amma na ce, "Mutumin da ke gane kaki da jins da ɗan yatsa? Sabon ɗinki zai ji. Kuma in ya gane, da wane ido zan kalle shi?"

"To mu sake sanarwa, mu ce yana kwance."

Muka shiga muka roƙe shi. Ya girgiza kai a kan filo. "In sun kawo don tausayina, ranar da na mutu sun gama da littafin."

Da Mai Gemu ya tafi, matarsa ta fita nemo ruwan zafi, muka rage mu biyu. Ya lalubo hannuna.

"Tela, na yanka littafin mutum."

"Ka koyar da mutane da shi."

"Da na bar shi a durowa, yau da cikakke ne. Da an buga. Yarinyar nan ta yi wa ubanta alkawari, ni kuma na zo da reza." Ya yi numfashi. "Wataƙila shi ke nan na ƙarshe a duniya, ni na kashe shi."

"Da ka bar shi a durowa da gara ta ci, kamar na sauran."

"Wataƙila."

"Ba wataƙila ba ne."

Ya yi ɗan murmushi. "Kai dai ba ka iya ƙarya ba, shi ya sa kullum kake cewa ɗinki sai gobe." Sannan ya ce, "Ka ci gaba da tambaya."

Na so in ce masa wani abu da zai sauke masa wannan nauyin. Na duba cikina ban samu ba. Na gyara masa zaren tabarau da ya kwance, ko da yake tabaran ba sa yi masa amfanin komai. Da safiyar wata Talata ya cika, matarsa na riƙe da kansa. Babobi sha ɗaya na gefensa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan an share makoki na buɗe shago, don zama a gida ya fi ciwo. Shagonsa na rufe. Nakan kama kaina ina jiran tari ta saman bango. Babobin matarsa ta ba ni, ta ce ba ta iya kallonsu, na sa su a kwali ƙarƙashin teburin yanka.

Wata rana da hantsi ina datsa wuyan riga, wata mata ta yi sallama. Ba za ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba, da jaka a kafaɗa, da alamar ta sha hanya. Fuskarta sai walƙiya take.

"Baba, kai ne telan da ya yi magana a waya? Na gane muryar."

"Ni ne, baiwar Allah."

Ta zuge jaka ta fito da shi. Koren ya koɗe ya koma kalar ƙasa, kusurwa ɗaya ta zare, amma ɗinkina ne. Na ga inda allura ta karye na sake ɗorawa.

Almakashin ya faɗi daga hannuna.

Ita ba ta lura ba, zuba take yi. A kantin magani take aiki, a wani gari mai nisa. Wani mai sayen magani ne ya ga tana fama da tsohuwar kwamfutar kantin, ya ba ta, ya faɗa mata dokar. Ba ta taɓa ganin sauran babobin ba, ba ta san Malam ba, ba ta ma san sunan littafin ba. Ita kaɗai ta yi ta kokawa da shi, in ta ci karo da abin da aka yi bayaninsa a baya sai ta bi rubutun mutane na gefen shafi tana haɗawa.

"Tun watannin baya saƙonka ya iso ni," ta ce. "Na ce kai, ga masu abu suna nema, ni kuma ban gama ba. An ce mini ba a sakinsa sai aikin ƙarshe ya tafi. Na ce ba zan zama ni ce na karya dokar ba, bayan duk mutanen nan sun cika ta. Na dage, Baba, ko hutun cin abinci ba na yi. Shekaranjiya ya tafi! Wallahi ya tafi. Na yi ihu har mai kantin ya shigo da gudu." Ta waiga wajen rufaffiyar ƙofar. "Ina Malam ɗin? Ina so in nuna masa."

Na jawo mata kujerar masu jiran ɗinki, wadda yake zama a kai. Na ce ta zauna. Na faɗa mata.

Sannan ta ce, a hankali, "Yaushe?"

Na faɗa mata.

Na ga tana lissafi a ranta, na ga inda lissafin ya kai ta. Ta sa hannu ta rufe baki. "Yana hannuna. Duk lokacin nan yana hannuna. Me ya sa ba ku ce ba shi da lafiya ba? Da a ranar zan taho."

"Shi ya hana."

"Da na sani…"

"'Yata, abin da ya ce a yi kika yi. Cikin duk waɗanda suka riƙe takardun nan babu wanda ya bi maganarsa kamar ke."

Gaskiya na faɗa mata, amma ba ta yi wa ɗayanmu magani ba. Ta yi kuka, ni ma na yi, a gaban mai rigar da ya zo karɓa ya juya ya tafi. Har yau in na kwanta nakan yi faɗa da shi a raina. Layi ɗaya, Malam. Da ka bar mu mun rubuta layi ɗaya, da ka shafa tamfol ɗin nan da hannunka, da ka ji daga bakin wadda ba ta taɓa ganinka ba cewa aikin ya tafi.

Na kira Mai Gemu. Ya zo da injin ɗaukar hoton takardu na zamani, wanda ba ya zubar da ɗigo. Muka share teburin yanka, na jera su goma sha biyu, daga shuɗi har na ƙarshe. Ya ɗauke su shafi-shafi ya aika. Mutum biyun nan na kwaleji, da wasu daga zaure, suka raba aikin sake buga rubutun a tsakaninsu. 'Yar marubucin ta sa hannu. Ta roƙi abu ɗaya, a bar hotunan shafukan yadda suke, da rubutun mutane na gefe, a ajiye su tare da sabon bugun. An ce littafin zai fito. Na je na faɗa wa matarsa. Ta ce alhamdu lillahi, ta juya fuska wajen bango.

Ranar da matar kantin maganin za ta koma, bayan an gama ɗaukar hotunan, ta tsaya a bakin teburi tana kallon babobin.

"Baba, wanne ne na farko?"

Na nuna mata shuɗin.

"Ban taɓa karanta farkon ba."

Na yi niyyar haɗe su wuri ɗaya, in yi musu bango guda, in ajiye abina. Su kaɗai suka rage mini da ke da ƙamshin shagonsa. Na tsaya da hannuna a kan shuɗin yadin, na daɗe. Sannan na ɗauka na miƙa mata.

"Kin san dokar."

"Na sani."

Da ta tafi na ɗauko tamfol ɗin, na zare tsohon zaren kusurwar da ta buɗe, na sa shi a keke. Ban kai rabi ba allurar ta karye. Na tsaya da ƙafata a kan feda, ina sauraron bangon.